Inda Ake Cin Abinci a Osaka

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Likita ta sa ranar tiyatar Hajiya. Alhamis, talatin ga wata. Ta yi ta bayani tana zane a takarda, ni ina gyaɗa kai kamar ina ganewa. Hajiya ko kallon takardar ba ta yi ba, zoben hannunta take ta murzawa. Da muka shiga mota, kafin in tayar, ta ce, "Alhaji, ina so in ga yaron nan kafin su shigar da ni."

Shekara uku ba ta taɓa yi min wannan maganar ba. Na ce to.

To ɗin nan kuwa ban san inda zan kai shi ba. Lambar da ya bar wa uwarsa ta mutu tun bara. Abin da ya rage hoto ne guda da ya aiko wa ƙanwarsa Afnan da babbar Sallah: hannu a kan garwashi, tsinkayen nama a jere, a ƙasa ya rubuta Osaka. Can ƙasar Japanawa ke nan. Ba fuska, ba sunan wuri.

Na sauke ta a gida Summerfield, na wuce gareji. Motoci na jiran kwantena, direba na ta kirana. Na zauna a ofis ban taɓa komai ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da hantsi

Na buɗe taswira a waya, na nemi wuraren cin abinci a Osaka. Jajayen ɗigo suka cika fuskar wayar har ba a ganin titi. Na rufe.

Ni da na sauka New York da jaka ɗaya da adireshin mutumin da ya riga ya tashi daga gidan. Ni da na tuƙa tasi shekara tara, na zo Greensboro na kafa abin da na kafa, ba uban kowa ya tsaya min ba. Sakandare kaɗai na yi, amma masu digiri nawa suka zauna a kujerar ofis ɗin nan suna neman in sa musu hannu? Gari ɗaya ba zai gagare ni ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan masallaci

Na tare Malam Hudu a wajen ajiye motoci. A jami'a yake koyarwa, ya taɓa zuwa Osaka taro har sau biyu, kuma mutum ne mai son a tambaye shi. Na ce masa tafiya ce ta kama ni can, zan duba injuna, ina son sanin inda Musulmi zai ci abinci mai kyau.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Alhaji Ma'aruf, kai da ko Raleigh za ka sai an cika maka kula daga gida?"

Na ce tsufa ne ya zo da kwaɗayi. Ya yi dariya, ya jingina da motata, ya buɗe lacca. Wai a can ba a neman abinci da kallon gaba, sai an ɗaga kai sama, don siririn bene ɗaya kowane hawa da nasa shagon, wasu kuma a ƙarƙashin ƙasa suke, gindin tashar jirgi. Wai mafi kyawunsu ba su da allon Turanci, wani ɗan ƙyalle ake ratayawa a ƙofa, in ka gan shi a rataye an buɗe, in an shigar da shi ka makara. Kujera takwas ko goma, mai dafawa na gabanka kana ganin hannunsa. Ya ce in kiyayi romon taliyarsu don yawanci da ƙashin alade ake yi, in kuma gasasshiyar kaza ce in ce gishiri kawai, saboda miyar da suke shafawa akan sa mata giya. Kuma kada in bar wa ma'aikaci komai a kan tebur, biyo ni za su yi su mayar min.

Ya nuna min wani shafi da Japanawa ke ba wa shaguna maki. Ya ce kada in raina uku da rabi, mutanen nan ba sa yabo da arha.

Da zan tafi ya riƙe ƙofar motar ya tambayi jikin Hajiya. Na ce da sauƙi. Ya ɗan jima yana riƙe da ƙofar kafin ya saki.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan magariba

Kana ganin hannunsa. Wannan kaɗai na ɗauka daga laccar Malam Hudu.

Masu cin abinci suna ɗaukar hoto su sa a shafin. Faranti suke ɗauka, amma a gefen hoton sau da yawa hannun mai gasawa kan shigo. Hannu nake dubawa. Yana da tabo a bayan babban yatsa na dama, ƙarfen mota ya yanke shi a garejina yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ni na ɗaure masa da tsumma. Bai yi kuka ba.

Na duba shagunan kaza na unguwar Namba har idona ya fara ruwa. Fararen hannuwa ne duka.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da rana

Hajiya ba ta ci ba. Kunu ma rabin kofi.

Talata, 14 ga Oktoba, da yamma

Yanzu na san Osaka fiye da wasu da suka je ta. Na san inda ake bin layi a kan ƙwallon fulawa mai naman wata dabbar teku mai ƙafa takwas a ciki, Allah ya raba mu. Na san inda ake sa kuɗi a inji ya ba ka tikiti kafin ka zauna. Na san shagon Bapakistane kusa da masallaci, da wani mai naman saniya da ya liƙa takardar halal a gilashi. Na san in ka zauna sukan kawo maka ɗan ƙaramin kwano da ba ka nema ba, kuma za ka biya. In da injuna za ni dubawa da gaske, da ba zan kwana da yunwa ba.

Mota ta tafi Kwatano ba tare da takardunta ba. Ban taɓa yin irin wannan ba tun da na fara sana'ar nan. Na ɗora wa direba laifi, alhali ya san wa ya manta.

Yaro ya shekara uku yana karatun haɗa magunguna. Saura kaɗan. Ya ajiye ya ce wuta yake so ya tsaya a gabanta. A gidanmu na Funtua ba a taɓa yin mahauci ba, ba a taɓa yin mai tsire ba. Kuma sunan wa yake ɗauke da shi? Sunan mahaifina. Abin da na faɗa ranar walimar Afnan a gaban mutane na faɗa, ba zan sake rubuta shi a nan ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Hannuwa, hannuwa. Na rufe ido a sujada, su nake gani.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Malam Hudu ya zo har gareji, shi da ba ya son ƙurar Pleasant Garden a takalminsa. Bai zauna ba. Ya ajiye min lambar wani ɗan Nijar, Soumaïla, da ke sayen tsofaffin kekuna a Osaka yana aikawa gida. Ya ce duk baƙin fatar da ke zuwa Juma'a a garin mutumin nan ya san shi. Sannan ya ce, yana kallon kalanda, "In injin da kake nema yana can, shi zai san inda yake."

Na ce a kawo masa lemo, ya ce azumi yake. Ranar Juma'a, bayan na gan shi da idona yana cin dabino a masallaci.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Soumaïla bayan asuba, can dare ya fara yi musu. Mutum mai fara'a, Hausarsa rabi Faransanci. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi kasuwa. Na ce ina neman wani yaro Bahaushe haihuwar Amurka, dogo, mai aikin gashi.

Ya ce, "Bon, Alhaji, mene ne sunansa?"

Na ce ɗana ne. Ya ce to madalla, sunan fa? Na ce mai sunan Baba. Sai ya gane, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Ɗan fari ke nan. Alhaji, har a Amerik ba ku bar abin nan ba?" Na ce ba a bari. Ya ce to in sa wani ya rubuto masa.

Amma ya ce ya taɓa ganin wani mai kama da haka sau ɗaya ko biyu a sahun baya, ba ya tsayawa gaisawa, yana idar da salla yake fita. Ya ji an ce wajen Tenma yake aiki, inda ƙananan shaguna suka cushe kusa da layin jirgi. Shago nawa ne a Tenma? Ya ce Allah kaɗai ya sani.

Shekara ashirin da bakwai ina kewaye sunan nan lafiya lau. A makaranta in miƙa takarda in nuna da yatsa. A asibiti in ce ɗana. A gida in ce kai, ko in ce wa uwarsa ina yaron nan. Bai taɓa hana mu komai ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan isha'i

Afnan ta zo daga Charlotte. Ta same ni a falo da waya a hannu, ta leƙa ta bayana kafin in kife. Ta tambaye ni da Turanci tun yaushe na fara sha'awar gasasshiyar kaza. Na ce da Hausa ake yi min magana a gidan nan. Ta zauna a hannun kujera, ta karɓe wayar, ta nuna min yadda ake sa shafin ya juya rubutun Japanawa zuwa Turanci. Ashe kwana da kwanaki hotuna kawai nake kallo, ga magana a ƙarƙashinsu ban sani ba.

Da ta tsaya a nan da mun rabu lafiya. Sai ta ce, ita ma da rabin Hausa rabin Turanci, wai na san abin da ya kore shi? Na ce na sani. Ta ce ban sani ba. Wai a daren walimar, yana haɗa kaya, ya ce mata kalmar mai tsire da na jefe shi da ita ba ta dame shi ba, ya san zan faɗa. Abin da ya ce shi ne, ko da zan kore shi ban iya kiran sunansa ba, kai na ce, fita.

Ta ce, "Baba, sau nawa kake kiran sunana a rana? Shi fa yana ji tun muna yara."

Wai kuma har ragowar abincina da nake aika masa. Ita a zuba mata sabo, shi a kai masa wanda na ci na rage.

Ragowa! Mahaifina har ya koma ga Allah bai kama sunan ɗansa na fari, Yaya Sanda, ba, amma duk gidan nan an san wa ake ɗaukar wa kwanonsa in ya tashi, an kuma san tsokar da ta fi kyau ba ya taɓa ta, a gefe yake ture ta. Mu ƙanana muna kallo muna haɗiyar yawu. Haka na yi wa yaron nan tun ya fara tauna. Cinyar kaza ban san ɗanɗanonta a gidana ba. In ture ta gefe in ce a ba yaron nan. Shi ne ragowa?

Na ce mata ta tashi ta ba ni wuri. Ta tashi. Daga ɗakin uwarta na ji tana kuka ƙasa-ƙasa, Hajiya na ba ta haƙuri. Mai ciwon ce ke ba da haƙuri.

Litinin, 20 ga Oktoba, da rana

Ba wanda ya taɓa gaya masa. Wa zai gaya masa? A Funtua ba a gaya wa yaro, gani yake a kowane gida. A nan gidan wa zai gani?

Ba laifina ba ne. Uwarsa ma ai ba ta kama sunan.

Amma ita takan shafa kansa.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Na same shi. Ina jin na same shi.

Shago ne a Tenma, maki uku da ɗigo shida, kujera takwas, kaza kawai, kuma an rubuta kazar halal ce. Wani ya yi dogon rubutu, wayar ta juya min shi da Turanci mai karkace. Ya yabi garwashi, ya yabi fatar kaza, ya ce tsohon mai shagon ya fara barin wuta a hannun almajirinsa baƙon ƙasa. Sannan ya ce a ƙarshe akan ba da tsinke ɗaya da ba ya cikin jerin abinci, an barbaɗa masa wani jan gari mai gyaɗa da citta da barkono, bai taɓa cin irinsa ba, ya tambaya aka ce na mahaifiyar mai gashin ne.

Akwai hoto. Babban yatsan bai fito sosai ba. Ban buƙaci ya fito ba.

Na bar gareji a buɗe na tafi gida. Hajiya na kishingiɗe, na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana kallo. Ta ce ranar da zai tafi ta cusa masa kwalbar yaji a cikin kaya ban sani ba, ta kuma gaya masa yadda take yi. Ta faɗaɗa hoton da yatsu ta ce ƙuli-ƙulin bai daku ba, ga shi nan da tsaki-tsaki. Tana faɗa tana murmushi, hawaye na shiga mata kunne.

Ta sha kunu kofi guda cur.

Laraba, 22 ga Oktoba, da safe

Akwai lambar waya a shafin. Afnan ta ce a ba ta ta kira yanzu-yanzu. Na ji sanyi a raina, har na fara karanto mata. Hajiya ta ɗaga hannu ta ce a'a.

Ta sa Afnan ta fita, ta ce min, "In ita ta kira, zai zo domina, ya koma bai gaishe ka ba. In kuma ban tashi ba, shi ke nan kun rabu. Kai za ka kira shi, Alhaji."

Na ce ta daina irin wannan maganar, za ta tashi. Ta ce to, amma ni zan kira.

Shekara talatin da aure, ban san tana da taurin kai haka ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da hantsi

Na kira. A mota, a bakin gareji, kafin ma'aikata su zo. Can sun kusa tashi.

Aka ɗauka da wata doguwar gaisuwa ta Japananci, da sauri, muryar namiji. Bayansa ana jin ƙarar kwanuka da dariyar mutane. Na yi sallama, sannan na ce da Turanci daga Amurka nake kira. Sai muryar ta koma Turanci, ta ce me za a yi min.

Na ce ina neman mai gashinku, ɗan Afirka. Ya ce wa? Na ce ɗana ne. Ya ce, a hankali, kamar mai magana da baƙo, "Mene ne sunansa, yallaɓai?"

Na ce dogo ne, yana da tabo a hannu. Ya ce suna yake tambaya.

Na ji jirgin ƙasa ya wuce ta kansu, dogo, har ya ƙare. Bai kashe ba, ban kashe ba. Sannan na kashe.

Wani ma'aikacinsu ne. Suna da ka'ida, ba sa haɗa mutum da ma'aikaci sai da suna. Malam Hudu ya ce mutane ne masu bin ka'ida.

Na ce wa Hajiya layi bai shiga ba.

Alhamis, bayan azahar

Na san muryar.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

Ban je masallacinmu ba, na tafi na High Point inda ba a san ni sosai ba.

Yallaɓai. Ni zai ce wa yallaɓai. Ni na ɗauke shi a kafaɗa na zaga da shi filin jirgin Kano, ni na yi tuƙin dare shekara biyu don kada ya shiga makarantar unguwar da muke a lokacin. Ya ji muryata ya tsaya yana yi min jarrabawa kamar ɗan sandan kan iyaka. In shi ɗan halak ne ai da ya ji sallamata ya isa.

In na faɗa masa uwarsa ce kai tsaye, zai zo. Na sani. Kalma biyu. Ba sai na kama sunan kowa ba.

Amma ba haka ta ce ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, da rana

Asibiti sun kira, sun karanto abin da za ta daina sha da abin da za ta zo da shi. Daga tsakar daren Laraba ba ci ba sha. Afnan ta rubuta, ba ta dube ni ba. Tun Laraba gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Hajiya ta fito da zannuwanta tana rabawa a kan gado, wannan na wance, wannan na wance. Na ce mene ne haka? Ta ce gyaran durowa take yi. Ba ta tambaye ni ko layi ya shiga ba. Da ta tambaya da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 26 ga Oktoba, bayan asuba

Shafin ya ce ba sa buɗewa ran Lahadi.

Na zauna a mota a ƙofar gida, gilashi a rufe. Na gwada. Bakina ya yi harafin farko ya tsaya. Sai in ga Baba zaune a kan buzunsa a zaure, ya ɗago kai. Yaro ba ya kiran sunan ubansa, uba ba ya kiran na ɗan fari, ni kuma duka biyun aka haɗa min a suna ɗaya. Ni na zaɓa masa shi da kaina, ranar da aka haife shi, don ban san wani abu da ya fi shi tsada da zan ba shi ba.

Maƙwabcina Bature ya fito da karensa, ya ga mutum zaune a mota yana motsa baki shi kaɗai. Ya ɗaga min hannu. Na ɗaga masa.

Litinin, 27 ga Oktoba, da hantsi

Ya ɗauka da gaisuwar nan tasu. Na yi sallama. Ya tsaya yana jira.

Na faɗa. Cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Muryata ta fito kamar ta wani.

Na ji an ajiye wani abu na ƙarfe. Na ji ƙofa, hayaniyar ta ragu, ya fita waje ke nan.

Ya ce, "Na'am, Baba."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na shirya magana tun jiya, ta tsere. Numfashinsa kawai nake ji. Daga baya na ce uwarka ce, ran Alhamis za su shigar da ita, tana son ganinka. Ya tambayi abin da ke damunta, na gaya masa yadda na iya. Ya tambayi ƙarfe nawa. Hausarsa ta yi tsatsa amma da ita ya yi. Ya ce bari ya yi magana da maigidansa.

Kafin ya kashe na ce uwarka ta ce ƙuli-ƙulinka bai daku ba. Ban san abin da ya sa na faɗa ba. Ya yi wani sauti, dariya ce ko wani abu, ban tantance ba.

Na shiga ofis na rufe ƙofa. Direba ya ƙwanƙwasa, na ce ya dawo anjima.

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma

Yana cikin jirgi. Hajiya ta mayar da zannuwan durowa.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan isha'i

Ya rame, ya yi gemu. A filin jirgi ya durƙusa, na ce tashi, mutane na kallo. Na karɓi jakarsa, ya ce zai ɗauka, ban ba shi ba. A mota mun yi maganar hanya da sanyi. Maganar ranar walima ba ta taso ba. Tana nan, ban ce ta tafi ba.

Abin da ya faru tsakaninsa da uwarsa a ɗaki ban shiga ba.

Bai yi barci ba. Ya sa Afnan ta kai shi shagon halal, ya dawo da kaji, ya jawo abin gashina da ya yi shekaru a bayan gida, ya wanke, ya ce garwashinmu ba shi da kyau amma za a yi haka nan. Na zauna daga nesa kamar ina duba waya. Na ga yadda yake yanka, ba ya zubar da komai, kowane yanki da tsinkensa. Ba ya barin wuta ko na ƙiftawar ido. Tabon na nan. Wasu sun ƙaru.

Hajiya ta fito da bargo ta zauna. Ta ci tsinke biyu, ta ce a ƙara mata yaji, ta ce yanzu ya daku. Rabon da in ga tana tauna abu har na manta.

Sai ya kawo faranti ya ajiye a gabana, ya koma gefe ya tsaya, hannu a baya. Ban taɓa cin abinci yana tsaye a kaina ba. Afnan ta daina abin da take yi.

Na ci. Ba zan yi ƙarya a littafina ba, ban taɓa cin kaza irin wannan ba, ko a Funtua. Uku da ɗigo shida, Japanawa ba su da adalci.

Tsinken cinya na bari, kamar kullum, hannuna ne ya ture shi gefe kafin in yi tunani. Na ga ya kalli farantin, fuskarsa ta canja. Na ɗauki tsinken na miƙa masa hannu da hannu. Na ce wannan ita ce ta fi kyau, ita nake bar maka tun kana yaro, haka kakanka yake yi wa Yaya Sanda. Ya dubi uwarsa. Ta gyaɗa masa kai.

Ya karɓa da hannu biyu. A tsaye ya ci, ya juya mana baya yana gyara garwashin da ba ya buƙatar gyara.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

Sun shigar da ita. Ta riƙe hannunsa har bakin ƙofar da ba a wucewa, da ɗaya hannun ta kama hannun rigata. Likita ta ce zai ɗauki lokaci, mu zauna, za a zo a gaya mana.

Muna zaune. Afnan ta ɗora kai a kafaɗata. Har yanzu ba wanda ya fito.

Abdurrahim ya je nemo mana shayi.